'Yata ce tafintana a gaban likita

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya bari sai ya kai ƙarshe, don duk zagin da zai yi na riga na yi wa kaina.

Shekarata hamsin da uku, a unguwar New Bell nake zaune, albasa nake sayarwa. Karatuna na allo ne, boko kuwa wannan da kuke gani shi ke nan. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan, ban sake aure ba. A masallacin kartiye, wato unguwarmu, sahun gaba nake tsayawa, har ana cewa Allah ya ba wane haƙuri. Wane haƙuri? Bayan rasuwarta da kamar shekara ɗaya na fara biya wa kaina buƙata da hannu. Na faɗa. Istimna'i, abin da nake jin malamai na yi wa samari faɗa a kai, ga ni da furfura har a gemu. In yi, in yi wanka, in tuba, bayan sati in koma.

Tun bayan babbar Sallah abin ya zo da ciwo. Ana cikin yi sai in ji zafi kamar an zuba barkono a hanyar fitsari, in an gama kuma marainata ta hagu ta ɗauki zugi har cikin mara, wani lokaci wuni guda. Da farko na ce horo ne daga Allah, na cancanta. Na sayi ƙwayoyi wurin mai tebur a bakin kasuwa. Na shafa man zafi, wannan kam kada wanda ya gwada, a bokitin ruwa na zauna ina salati. Rannan na hau benskin, wato babur ɗin haya, har unguwar Deïdo, na shiga wani ƙaramin asibiti inda ba wanda ya san fuskata. Matar da ke karɓar mutane ta ɗaga murya, ga jama'a cike da benci: "Papa, c'est quoi le problème?" wato me ke damuna. Faransancina na kasuwa ne kawai: "nawa ne", "rage", "ƙara", "buhu". Da wace kalma zan faɗi wannan? Na dafe kai. Aka ba ni maganin ciwon kai na dawo gida.

To ga inda na yi babban laifin. Ina da 'ya, ita ce ta fari, a ofis take aiki, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Kun san al'adarmu, 'yar fari ce, tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa ko "yarinyar nan", ga ta da 'ya'ya biyu. Ita ta lura da tafiyata ta canza.

"Baba, ɗingishi kake yi."

"Takalmi ne."

"Takalmi ne ke sa ka riƙe mara in za ka tashi? Gobe za mu asibiti."

Muka je. Likitan bai jin Hausa, don haka ita ce tafinta: ya faɗa mata, ta faɗa mini, in amsa, ta mayar masa. Ya tambayi inda ke ciwo, na nuna daga nesa. Sai ya yi wata tambaya, na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Baba, wai... a wane lokaci ciwon yake tasowa? Ko lokacin... kwanciyar iyali?"

Na ce, "Gaya masa matata ta rasu."

"Ya ce to me kake yi in ya taso?"

Jama'a, me kuke so in ce? Na ce in na ɗaga buhun albasa. Ya ce ta fita ya duba ni, na ce ba sai an duba ba, na riƙe mazagin wandona kamar yaro. Mutumin ya gaji, ya ce mai yiwuwa gwaiwa ce ke son farawa, ya rubuta magani, ya ce in daina ɗaukar kaya, in dawo Alhamis ta sama. Ya kuma sa ta maimaita mini har sau biyu: in na ga kumburi, ko jini, ko zazzaɓi, kada in jira ranar, in zo a take.

Daga asibiti kasuwa ta wuce da ni. Abokin sana'ata, Malam Buba, shekara ashirin muna rumfa ɗaya, ta same shi gaban mutane ta ce shi ne ya zauna yana shan shayi ya bar tsoho da dakon buhu. Ni kuwa rabona da ɗaga buhu ya fi shekara biyar, shi yake hana ni ma. Ya dube ni yana jira in yi magana. Na kau da kai. Ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, laifina ne." Tun ranar gaisuwa kawai muke yi.

Shekaranjiya na sake komawa ga halin, ban ji magana ba. Na ga jini a cikin maniyyin. Marainar kuma ta kumbura, jikina da ɗumi tun jiya. Abu uku likita ya lissafa, ga su duka a jikina, ni kuma ina zaune ina rubutu. Yau da safe ta aiko mini da kunu, ta kira ta ce, "Baba, da sauƙi ko?" Na ce da sauƙi.

Na san asibiti ya zama dole, ba sai an gaya mini ba. Amma in na tafi ni kaɗai, bakina ba zai kai ba. In na nemi wani ɗan kartiye ya yi mini tafinta, kafin la'asar maganar ta kai masallaci. Buba yana jin Faransanci ya fi ni, amma da wane ido zan roƙe shi bayan abin da na bari aka yi masa? In kuma ita ce, to yarinyar da ko sunanta kunya ta hana ni kira, ita za ta ɗauki wannan magana daga bakina ta juya ta ga wani namiji, sannan gobe ta durƙusa ta gaishe ni.

Ina tsoron ciwon nan. Wallahi na fi tsoron ta ɗago kai ta dube ni.

Me zan yi?