Ranar da Muka Yi wa Laburare Kwalliya

Kasuwar Muda Lawal,
Bauchi.

Zuwa ga Maman Ni'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya kumburin ƙafar? Ina fatan Misau ta karɓe ki. Ki gaida Inna, ki ce surukinta yana durƙusawa.

Takarda na ba direba saboda wayarki kullum tana hannun Inna, kuma a buɗe take sa murya, har maƙwabtanku sun san abin da na ci da rana.

Maganar jiƙon nan da ta gani a bidiyo, don Allah ki ja mata rai. Na kalli mutumin da ke tallarsa. Na daɗe ina sayar da atamfa, na san muryar mai son kayansa su fita kafin la'asar. Duk wanda ya ce kwalba ɗaya tana wanke ƙoda, ta gyara ido, ta kuma kawo haihuwa, ɗan'uwana ne a sana'a. Damuwata ita ce ba ni da abin da zan ajiye a madadinsa. Likita ya ce ciwon ƙoda ne, a rage gishiri, kafin in buɗe baki an kira na bayanmu. Na bincika a wayata, rabi Turancin da ya fi ƙarfin sakandaren da na yi, rabi 'yan talla.

Shi ya sa na leƙa ƙaramin laburaren unguwarmu, wanda ke bayan layin teloli. Mai kula da shi wata dattijuwa ce, Madam Cecilia. Kwamfutocinsu suna lulluɓe da zani, sun mutu tuntuni, wuta ma an yanke. Da wayarta ta nuna mini wani shafi da ta ce na likitoci ne, amma ita ma ta ce ba fanninta ba ne, ba za ta yi mini fassarar da za ta cuce ki ba. Sai ta ba ni labari mai daɗi. Wata ƙungiya za ta turo mutane su zagaya laburare-laburare su ga me suke buƙata don jama'a su samu sahihin bayanin lafiya ta intanet. Inda suka zaɓa za su sa kwamfutoci da sola, da ma'aikacin da aka horar ya yi wa mutane bayani da Hausa.

Ki ce wa Inna ta ba ni zuwa lokacin. Ruwa nawa za ki sha, ayaba, kanwa a miya, azumi, duk zan zo miki da amsa a rubuce.

Naki,
Mijinyawa.

*

Maman Ni'ima,

Salamu alaikum. Ya jikin? Direba ya ce ya gan ki zaune a tsakar gida, na ji daɗi. Ni'ima na gaishe ki, tuwonta har yanzu da gudaji, amma muna ci.

Baƙin sun zo, kuma mijinki ya yi rawar gani. Madam ta so a bar wurin yadda yake, wai su ga gaskiya. Na ce mata ita littafi ta sani, ni kasuwa na sani. Dilan Kano ba ya sauke wa shagon da ya gani fayau kaya. Mu nan kwali muke naɗewa da atamfa mu jera a sama, kanta ta cika, sannan a yarda da mu. Ban da haka ma, wa ke tarar baƙo cikin ƙura? Ta yi ta gardama, na yi ta zuba, har ta gaji ta bar ni.

Na aro kwamfutocin cinya wajen Ndubuisi mai gyaran waya, na ɗauko janaretan shagona da fanka. Teloli da masu keke na tara na cika kujeru, kowa da wankakkiyar riga. Akwai wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, na ce ya dai ƙura mata ido yana gyaɗa kai. Da kin ga wurin, da kin ce banki ne.

Shugabarsu wata mata ce mai gilashi, Hausarta tsaf. Ta zauna kusa da ni ta tambaye ni ko ina samun abin da nake nema game da lafiya a nan. Na ce alhamdulillahi, muna samu daidai gwargwado. Haka kowa ya amsa mata, kamar yadda ake amsa ya kasuwa. Ta rubuta, suka ɗauki hotuna, suka sha lemon da na saya. Madam ce kawai ta ƙi sakin fuska, na ɗauka gajiya ce.

Ki ƙara haƙuri kaɗan, ki kuma ƙara ba Inna.

Mijinki,
Mijinyawa.

*

Bilkisu, Maman Ni'ima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Inna. Saƙonki ya iso, na ji cewa an fara ba ki jiƙon tun makon jiya, kuma kumburin ya hau har gwiwa. Ban ga laifin Inna ba. Ta jira ni iya jira, uwa ce, ba za ta zauna tana kallonki hannu rabbana ba.

Sakamako ya fito. An sa laburarenmu cikin waɗanda suka wadatu, masu kayan aiki da wuta da jama'ar da suka gamsu. Kayan an ba wasu wurare. Madam ta rubuta musu cewa duk aro ne, suka amsa cewa an rufe rahoto, kuma hoton da ke bangonsa namu ne. Ni ne a gaba, da hulata ta Juma'a. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce dai ƙarshen shekara za ta yi ritaya, kuma ba ta ji an ce za a kawo wani ba.

Na koma wayata na yi ta dannawa. Wani shafi ya ce mai ciwon ƙoda ya sha ruwa da yawa, wani ya ce ya rage. Duka biyun da hoton mutum cikin farar riga. Ni da nake gane atamfar jabu da ɗan yatsa, nan na kasa. Ba zan ce miki ki daina jiƙon don na san wani abu ba. Zuciyata ce kawai ba ta kwanta da mai shi ba, kuma wannan ba hujjar da zan kai gaban Inna ba ce.

Ranar Lahadi zan zo da mota in ɗauko ki, Litinin mu yi sammakon asibiti. Ki taho da kwalbar, ko likita zai yarda ya kalle ta. Tambayoyin nan da na ce zan amsa miki, ki zauna ki auna su, ki zaɓi wadda ta fi damun ki. Kin san likitan ba ya tsayawa ya amsa biyu.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Naki har kullum,
Mijinyawa.