Waƙar Rijiyoyi a Bakin Baƙo

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga ƙanenka Idi, mai koyar da yara karatu a Dakoro, zuwa ga wana Nomau ɗan Jibo, a duk inda takardar nan ta riske ka. Gaisuwa mai yawa, da girmamawa, da tambayar lafiyarka.

Bayan haka, ranar Juma'ar da ta wuce, a zaman gawo, wani baƙo ya rera waƙar rijiyoyi bisa jerinta na gaskiya a gaban kowa. Ya ce daga gare ka ya same ta. Maigari ya yanke cewa in ayarin gishiri ya dawo ba a samu abin da zai wanke ka ba, za a daina kiran sunanka a zaman, a kuma fitar da iyalinka bayan shingen gari.

Zan karanta takardar nan a gindin gawo kafin in miƙa ta ga madugun da zai yi arewa, don kada a ce na aika maka da wata magana a ɓoye. Baƙon zai kasance a zaune yana ji. Saboda haka ba zan ambaci sunan rijiya ko ɗaya ba.

Damina ta uku ke nan da ka bi ayari zuwa Abzin da gero, ayarin ya dawo ba kai. Madugu ya ce ka tsaya neman raƙumin da ya ɓace, suka jira ka har ruwansu ya yi ƙasa, suka taso. Iyakar abin da muka sani ke nan har zuwa Juma'ar nan.

Zaman yana nan yadda ka bar shi. Da an gama zuba hatsi a rumbu, kowace Juma'a bayan la'asar ana shimfiɗa tabarmi a gindin gawon. Malamai suna zuwa daga Ɗan Gulbi da takardunsu cikin gafaka, su karanta waƙoƙin wa'azi. Masu molo su karɓa. Fulani su yi kirarin shanunsu, Buzaye su yi nasu da harshensu, wani ya juya mana. Tsofaffi su ba da labarin gudun da aka yi lokacin yaƙi, kowace shekara dawakin da suka kore su suna ƙaruwa. Har yanzu kafin a fara komai ana kiran sunayen waɗanda suka riƙe waƙar rijiyoyi tun daga kakanni, ana cewa Allah ya saka musu. Naka yana ciki, tsakanin na Gwaggo Hajo da nawa.

Ka san abin da zan faɗa yanzu, amma akwai yara a zaman nan da ba su sani ba. Waƙar iri biyu ce. Akwai ta fili, wadda kowa ya iya, ana rufe zama da ita. A cikinta an sauya jerin rijiyoyin da gangan, an kuma tsallake guda, don duk wanda ya ɗauke ta ya ce zai bi sawunmu da ita ya ƙare a bakin rijiyar da ta ƙafe. Akwai ta ciki, wadda ke da jerin gaskiya har zuwa inda ake kai mata da yara da dabbobi in mahara sun taso. Mutum uku kaɗai ke riƙe ta a lokaci guda. Ba a rubuta ta. Ni da na kwafi littattafai a Katsina har idona ya raunana, ban taɓa ɗora alƙalami a kan baiti ɗaya nata ba.

Shekarar da Baba da amininsa suka rasu, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta rage ita kaɗai da waƙar. Kana kwance a lokacin, gatari ya cire maka ƙaramin yatsan ƙafar hagu wajen saran itacen bakin rijiya. Ta shigo da ruwan zafi da tsumma, ta kira ni, ta ja asabari. Ta ce maka, “Tun da Allah ya hana ka yawo, zamna ka koya.” Kafin baiti na fari ta riƙe mu da kunne ta ce, “Wagga ba ta shiga kunne na huɗu. Ko ƙishirwa na kashe ku, in da mutane, ta fili za ku rera.”

Tana koya mana tana gasa maka ciwon. A tsakiyar baiti na huɗu ta danna tsumman, ka ja iska ta tsakanin haƙora saboda zafi. Daga ranar nan ba ka sake rera baitin nan ba tare da wannan jan iskar ba. Nakan tsokane ka da ita, kai kuma ka ce, “Malam, kai ka san hanyar Makka a takarda, amma in ba a rera maka ba, ba ka kai kanka rijiyar bayan gari.”

Yanzu ga yadda abin ya faru, yadda na gan shi da idona.

Baƙon ya ce sunansa Alhasan. Ya sauka gidan maƙeri, ya ce shi makiyayi ne daga Damargu, annoba ta cinye mishi garke. Mutum ne mai ladabi, yana gaida manya da durƙuso, muryarsa kuma tana da daɗi. Da aka zo rufe zama ya nemi izini ya ja waƙar. Aka ba shi, don an saba ba baƙo. Baiti na fari da na biyu iri ɗaya ne a waƙoƙin biyu, ba wanda ya lura da komai. A na uku mutane suka fara dariya. Yara suna gyara mishi. Maƙeri ya ce, “Baƙo, in ka bi wannan jeri naka, ungulu za ta yi maka amshi.” Ya yi murmushi ya ci gaba.

Ni ban yi dariya ba. Na dubi Gwaggo, na ga mazari ya faɗi daga hannunta, zaren yana warwarewa a ƙasa ba ta bi shi ba. A baiti na huɗu, daidai wurin nan, mutumin ya ja iska ta tsakanin haƙora.

Gwaggo ba ta bari ya kai baitin ƙarshe ba. Ta ce, “Ɗan nan, wa ya ba ka wannan?” Ya ce, “Inna, wani ɗan garinku, Nomau, dogo mai ɗingishi kaɗan.” Daga nan dariyar ta tsaya. Waɗanda suka yi ta sun gane abin da suka ji, kuma ba a iya kwashe shi daga kunnensu.

Na zauna da shi sau biyu a zauren maƙeri, na yi mishi tambayoyi. Zan jera maka amsoshinsa da abin da na gani, ba tare da ƙari ba.

Ya ce kun haɗu a Agadas, kuna kwana zaure ɗaya, kuka yi abota. Na tambaye shi sunan matarka, bai sani ba. Na tambaye shi ko ka ambaci ƙane, ya ce bai tuna ba. Yaya, kai da ba ka iya cin tuwo da mutum ba tare da ka ba shi labarin Ramatu da ɗiyarku ba, wane irin aboki ne wannan?

Ya ce makiyayi ne. Na duba tafin hannunsa lokacin da muka gaisa. Rijiyoyin ƙasar nan da na Damargu duk masu zurfi ne, wanda ya shekara yana jan guga igiya takan bar mishi kanta, fatar tafin ta yi tauri. Nasa hannun babu. Kantar da ke gare shi tana gefen yatsu, inda linzami ke kama mahayi.

A zama na fari ya ce ya bar ka lafiya lau. A na biyu ya ce ya bar ka kana jinya. Da na nuna mishi saɓanin, ya ce jinyar ba mai tsanani ba ce.

Waɗannan su ne abin da ke sa in ƙi yarda da shi. Amma ba su wanke ka ba, kuma ba zan yi kamar sun wanke ka ba. Mutumin banza ma yana iya sayen waƙa daga hannun mai ita. Abin da Maigari ke tsoro ke nan, kuma ban ga laifinsa ba: rayukan gari ne a wuyansa. An riga an fara shawarar neman wata mafaka, ka kuwa san abin da ake sha kafin a samu ruwa a sabon wuri.

Na zargi kowa kafin in zo kanka. Na zargi Gwaggo, don tsufa ya sa tana rera abubuwa in tana kaɗi, gidan maƙeri kuma katanga ɗaya ya raba su. Na zauna kusa da ita yini guda ina saurare. Ta fili take rerawa, ko hankalinta ya tafi. Kuma ita ba ta jan iska a baiti na huɗu. Ni ma ba na yi. A duniya mutum ɗaya ke yi.

To, daga bakinka ta fito. Saura ta yaya.

Na juya maganar ta kowace fuska. In da sayar mishi ka yi don ya jagoranci mahara, ba zai zo ya rera ta a gindin gawo ba. Zai rera ta fili tare da mu, ya tafa, ya tafi da tasa a ciki. In da ba shi ka yi don amana, ko don ya tsira da ransa a hanya, da ka fara da abin da Gwaggo ta fara da shi, da ya san ba a fitar da ita a gaban mutane. Mutumin nan bai ma san akwai biyu ba. Da yara ke gyara mishi, har cikin ransa yana ganin su ne suka yi kuskure. Kuma ya ɗauki jan iskarka ya zaci cikin waƙar take. Wanda aka zaunar aka koya wa ba ya yin haka, don mai koyarwa yakan ce wannan bar shi, nawa ne. Wanda ke yin haka shi ne wanda ya ji ta sau da yawa daga bakin mutumin da ba da shi yake ba.

Ina nufin kai kaɗai kake rera ta, wa kanka, shi kuma yana kusa yana ji. Na tambayi kaina: a wane wuri ne wana, wanda ya riƙe amanar nan tun yana saurayi, zai dinga maimaita hanyar gida har wani ya hardace ta? Kuma wane ne zai daɗe haka kusa da kai bai san sunan matarka ba? Ban samu amsa ba sai guda. Mutum yakan yi haka inda aka tsare shi, in yana tsoron kada ya manta hanya. Wanda kuma ke zaune a bakin ƙofa mai tsaro ne, ba aboki ba.

Wannan zato ne, Yaya, ba shaida ba. Na faɗa wa Maigari haka, ya ce zato ba ya tsare gari. Alhasan yana jin abin da nake karantawa. In na yi mishi ƙarya, ga fili, ya tashi ya faɗi zauren da kuka kwana da sunan mai shi, akwai Buzaye a nan da suka san Agadas lungu-lungu. Ba a taɓa shi ba, ba kuma za a taɓa shi ba, baƙo ne. An dai ce kada ya bar gari kafin ayari ya dawo.

An gaya wa Ramatu hukuncin. Washegari na tarar ta kwance ƙullin kayanka tana shanya su, ta ce kada asu ya ci. Ɗiyarka Hadiza ta yi tsawo, ta ɗauko tafiyarka har da ɗingishin, ko da yake yatsunta cikakku ne. Mata sun rage shiga gidan. Ni nake kai wa Ramatu da Hadiza ruwa yanzu.

Gwaggo ba ta cin abinci sosai. Jiya ta kira ni ta ce, “Idi, in sun cire sunan yaron nan, su cire nawa, ni na zaɓe shi.” Na ce ta bari a ga ayari tukuna.

Ba na jin haushinka. In a ɗaure ka rera ta don kada hanya ta ɓace maka, to ka yi amfani da ita kan abin da aka yi ta dominsa. Ina tuna lokacin da nake ƙarami, in mun dawo daga daji rana ta yi zafi, kakan goya ni ka ce in rufe ido, kai ka san hanya. Ban taɓa buɗewa ba sai mun iso. Ina so in ci gaba da zama a kan haka, amma a gaban mutanen nan dole in buɗe, don ƴaƴansu ne za a kai mafakar nan in mahara sun taso.

In takardar nan ta same ka kana da ikon magana, ka aiko da kalma ɗaya ta hannun madugu. In ba ka da iko, wanda ya karanta maka ita ya ji tsoron Allah ya faɗa mana inda kake.

Allah ya kwance abin da ya ɗaure ka. Allah ya sa kowace rijiya da ka nufa ka tarar da ruwa da guga a bakinta. Allah ya tsare garin nan daga sharrin wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, ya kuma tsare mu daga zaluntar wanda bai yi laifi ba, ko kai ne ko baƙon nan. Amin.

Ƙanenka mai jiran ka,
Idi ɗan Jibo.

Na riga na naɗe takardar sai ga wani Bafillace da ya dawo da shanunsa daga arewa. Ya ce ya ga sawun mutum ɗaya, ba takalmi, a bakin wata rijiya da ba ta kan hanyar ayari, sawun ya yo kudu. Rijiyar tana cikin jerin ciki. Na tambaye shi yatsu nawa ne a ƙafar hagu. Ya ce bai duba ba. Maigari ya tura mutane su duba kafin iska ta share shi. Ba su dawo ba tukuna.