Baba Zai Ƙona Filin Mama

Gona, kusa da Decorah
3 ga Oktoba, 1987

Yaya Lowell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Joyce da yara. Bayan haka, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Waya tana falo, Baba kuwa kunnensa kamar na zomo, shi ya sa na rubuto.

Ka tuna eka arba'in ɗin da ya daina noma masara bayan rasuwar Mama, ya ce zai mayar da filin yadda kakanninmu suka tarar da shi, ciyawa da furannin daji. Irin furannin duk Mama ce ta tsinto da hannunta a tsohuwar maƙabarta, inda garma ba ta taɓa shiga ba. To Baba ya cika hannu da irin gamba wajen shuka, kuma kowane Afrilu sai ya ƙone filin. Ashe wutar Afrilu gamba take ƙara wa ƙarfi. Bana ta fi shi tsawo, ta shaƙe furannin, da ƙyar za ka hango ɗaya.

Wani malamin jami'a ya gaya masa wutar kaka ce ke ba furanni sarari. Tun ranar ba shi da zance sai ƙuna, kuma a watan nan. Yaya, mako biyar ba a yi ruwa ba, masarar maƙwabcinmu Arvid kuma tana tsaye a bushe a jikin shingenmu.

Amma ba wannan ya fi tsorata ni ba. Ranar Talata ya shiga gambar bai fito ba. Awa biyu ina kira. Da na same shi, taku ashirin ne tsakaninsa da hanya, yana ta juyi a wuri ɗaya. Ya ce, "Marlys, wa ya matsar mana da gida?" Na yi dariyar dole, na kama hannunsa muka koma gida.

Don Allah ka zo. Ka gaida mini kowa.

Ƙanwarka,
Marlys

Omaha
9 ga Oktoba

Auta,

Ina gaishe ki, Joyce ma tana gaisuwa. Ke dai tun kina ƙarama inuwarki ma tsoro take ba ki. Wa bai taɓa ɓata a cikin gamba ba? Ki ɓoye ashana da kananzir, ki ce wa Arvid ya kawo tarakta ya yanke ciyawar gaba ɗaya, shi ke nan an kashe bakin tsanya. Tsohon zai yi fushin kwana biyu ya huce. Ba zan samu hutu ba sai ƙarshen Nuwamba.

Amma ki gaya mini tsakani da Allah, wannan ne karo na farko? Na karanta maganar matsar da gidan nan har sau uku.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Lowell

Gona
16 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Karo na huɗu ne, tunda ka tambaya. Na ɓoye maka ne don na san Auta matsoraciya za ka ce.

Na bi shawararka, ga abin da ta haifa. Arvid ya zo da tarakta, Baba ya tsaya a gabanta ya ce, "Arvid, in yanka ka zo yi, fara da ƙafata." Arvid ya ce, "Haba tsoho, wannan busasshiyar ƙafar ai sai ta karya mini wuƙa." Suka yi dariya. Don kada a ce ya zo a banza, sai ya yanke gefe-gefe kawai, ya zagaye filin tas. Baba ya miƙa masa hannu ya yi godiya har sau biyu. Sai a lokacin gabana ya faɗi. Wannan yankan gefen ai shi ake yi kafin a cinna wuta. Da hannunmu muka shirya masa ƙuna.

Yanzu kowace safiya yana fita ya watsa busasshiyar ciyawa sama, ya ga inda iska ta nufa. Ni kuma dole in tafi aikina a kicin ɗin makaranta daga bakwai zuwa ɗaya. Ina yanka albasa idona yana kan taga. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba. In ya manta hanya babu wuta, ina ga in hayaƙi ya rufe?

Allah ya tsare mu.

Marlys

Gona
22 ga Oktoba

Yaya,

Ya ƙone filin. Daga makaranta na hango hayaƙin, ban san yadda na tuƙo motar ba.

Ko zangarniya ɗaya ta masarar Arvid ba ta taɓu ba. Arvid ya ce daga gefen da iska ta nufa Baba ya fara, ya bar wutar ta ci baya a hankali, aikin gwani. Na same shi a tsakiyar toka, ko girarsa ba ta babbake ba, riƙe da gwangwanin kofi yana watsa irin furanni. Na rungume shi ina kuka. Ya janye jikinsa cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, ɗan matsa, kina taka mini iri. Wa kike nema?"

Ka zo tun yana iya kiran sunanka.

Ƙanwarka,
Marlys