Na Kai Wuƙar Surukina Gyara, Kamfani Ya Aiko da Wata

Anti Diana, don Allah ki cece ni, aurena na neman wargajewa a kan wuƙar aljihu. Na san za ki yi dariya, ki yi abinki, ai kowa ma yi yake yi, har yaran kwaya masu waƙa a cocinmu. Ni dai abin ya hana ni jin daɗin tuwo.

Ina da ɗan shago a Samaru, ina sayar da caja da batir da murfin waya, yawancin masu sayayyata ɗalibai ne. Yarinyar da zan aura, mu ce sunanta Clara, tana koyarwa a wata firamare ta wajen Basawa. An kai gaisuwa, an yi komai, saura a sa rana, mun so a yi kafin Kirsimeti. Mahaifinta, mu kira shi Baba Shekari, tsohon hedimasta ne. Na canja sunayen, ko da yake duk ɗan unguwarmu zai gane. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai yi wa mangwaro aure a lambun bayan gidansa, ya yanko reshen mai daɗi ya haɗa shi da ɗan dashe ya ɗaure da leda. Mutumin nan ya ɗaura wa bishiyoyi aure ba adadi, nawa ne kawai ya gagara.

Da wata 'yar wuƙa mai naɗewa yake aikin, irin wadda ake lanƙwashewa a jefa aljihu. Ta girmi Clara. Washi ya cinye ruwanta ta siranta kamar ganyen albasa, ƙotar kuwa ta yi sulɓi. Marigayiya matarsa, Mama Jemimah, ita ta saya masa suna sabon aure, ta ƙona allura ta rubuta harafin sunansa a jikin ƙotar. Na san wannan labarin, Anti, ba zan ce ban sani ba. Kawai dai a lokacin kaina na wani wuri.

Wata Lahadi na je gaishe shi na tarar da yatsansa a naɗe da bandeji. Ashe sifirin da ke riƙe ruwan wuƙar in an buɗe ne ya karye, yana cikin yanka ta rufo masa a hannu. Ya ɗaure ta da robar tayar keke yana lallaɓawa. Ni kuma da iyayi, ga Clara na tsaye da tiren abinci tana kallona, sai na karɓa na duba sunan kamfanin, na latsa waya. Kamfanin Turai ne, ba zan faɗi sunansa a nan ba kada su kai ni kotu in rasa wuƙa in rasa shago, ke dai na rubuta miki shi a gefe. Na ga sun rubuta cewa wuƙaƙensu suna da garanti na har abada. Na gyara murya na ce, "Baba, ai waɗannan ko jikanka ne ya kai musu sai sun gyara. Bar mini wannan aikin." Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya ce akwai maƙeri a Tudun Wada da yake tunanin kai wa. Na ce haba Baba, wane irin maƙeri ga masu abu. Sai ya miƙo mini, ya ce, "To, ka kula da ita, ba ta taɓa kwana a waje ba."

Na kai wa Chukwuebuka a Sabon Gari, mai sayar da kayan aikin kafinta da na lambu, shi ne ke karɓo kayan kamfanin daga wakilinsu na Legas. Ya ɗaga wuƙar da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya ce, "Oga, wannan ta yi yaƙin basasa?" Muka yi dariya tare. Na ce ta lalace, a aika su yi abin da ya kamata. Iyakar bayanin da na yi ke nan. Ya jefa ta a ambulan, na tafi ina fito.

Sai jira. Duk Lahadi in an tashi daga coci Baba zai tare ni a bakin ƙofa, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce ina labarin wuƙarsa. In ce tana hanya. Damina ta kusa ƙarewa yana yi wa mangwaro aure da reza kamar wanzami.

Ranar da Chukwuebuka ya kira ni na rufe shago na hau acaɓa. Anti, ki ga wuƙa! Sabuwa dal a cikin akwatinta mai soso, tana walƙiya, har da ɗan almakashi da abin buɗe kwalba waɗanda tsohuwar ba ta da su. Ko sisi ba su karɓa ba. Na ce lalle Turawa sun iya mutunci. Na sa kaftanina na zuwa biki, na sayi katan ɗin maltina, na nufi gidan ina ganin yau za a sa rana a tsaye.

Baba ya buɗe akwatin, ya ciro ta, ya buɗe ya rufe. Ya juya ƙotar yana shafawa da babban yatsa, ya sake juyawa. Sai ya mayar da ita cikin sosonta ya turo mini. Ya ce, "Kyakkyawa ce. Mai ita zai ji daɗi. Ina tawa?"

Na soma bayanin garanti. Ban kai rabi ba ya tashi ya shige lambu. Maltinar ma ba a buɗe ba.

Tun daga ranar ya sa mini suna Mai Garanti, kuma sunan ya bi ni har shago. Da dattawanmu suka je maganar sa rana, a gabansu ya ce, "Wannan yaron, ranar da Clara ta fara ciwon gwiwa Legas zai aika ta su kawo masa sabuwa." Kawuna da ya kamata ya kare ni shi ya fi kowa dariya, har da buga cinya. Aka tashi a kan a dakata sai wuƙa ta dawo gida.

Na kira Legas har kunnena ya yi zafi. Sai su sa mini kiɗan piyano, wata murya tana gaya mini kirana yana da muhimmanci, katina kuwa yana tafiya. Da na samu mutum, wata ce mai suna Ayodele, mai ladabi ƙwarai, ta ɗauka godiya na kira in yi. Da ta gane abin da nake so sai ta ce tun da ta fara aiki ba ta taɓa jin wanda aka ba sabo yana kuka a dawo masa da ruɓaɓɓe ba. Ta ce sun daina ƙera irin sifirin tun ba a haife ta ba, shi ya sa suka canja. Na ce ina tsohuwar? Ta ce za ta bincika. Na ɗaga murya, na ce ɓarayi ne, na ce zan tona musu asiri a Facebook. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta ajiye waya. Washegari saƙo ya shigo daga kamfanin wai in ba su taurari a kan yadda suka kula da ni. Na ba su ɗaya. Suka aiko suna godiya.

Yanzu shawara biyu ke gabana. Chukwuebuka ya ce in ba shi lokaci zai tono mini tsohuwa irinta a kayan gwanjo. Abokina Felix, mai walda a Chikaji, ya ce ba sai an je nesa ba, in kawo sabuwar ya cire mata almakashin, ya ci ruwanta da injin giranda, ya binne ta a ƙasa da gishiri, sannan mu ƙona allura mu rubuta harafin. Ya ce idon tsoho ba zai gane ba. Da na gaya wa Clara na zaci za ta yi dariya kamar kullum. Sai ta ce da wuƙar nan mamanta take fere musu rake in sun dawo daga makaranta, ta juya baya ta share ido. Ban taɓa ganin ta haka ba.

Anti, in bi Felix? In hau mota in je Legas in kwanta a ƙofar ofishinsu? Ko kuwa tsohon nan dama ba ya so na, wuƙa kawai ya samu ya fake da ita? Ni fa alheri na yi niyya.

Naki cikin damuwa,
Mai Garanti, Samaru

*

Ɗana Mai Garanti,

Na yi dariyar, tunda ka ba ni izini, har sai da na kai wajen rake na daina.

Bari in fara wanke kamfanin kafin in wanke ka, in akwai sauran ruwa. Mutanen nan sun cika alkawarinsu. An miƙa musu wuƙa mai shekaru fiye da naka, an ce ta lalace, suka ba da sabuwa kyauta ba tare da sun tambayi rasit ba. Kai da kake sayar da caja, gaya mini tsakaninka da Allah, ɗalibi ya taɓa dawo maka da wadda ta mutu bayan sati ka ba shi wata ba tare da kun yi musu a kan wutar NEPA ba? Laifinsu ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: duk wanda ya ga ƙota da harafi a ƙone, ya kamata ya ɗaga waya ya tambaya kafin ya canja. Amma ai wanda ya san labarin harafin bai faɗa ba, yana can yana dariya da Chukwuebuka.

Niyyarka ta alheri ce, na yarda. Rabinta don yatsan Baba, rabi don idon Clara. Ba laifi ba ne, duk mun yi ƙuruciya. Sai dai dattijo ya ce maka maƙeri, ka ce masa haba. Wannan habar ce take cin ka yanzu.

Maganar Felix ka binne ta a inda ya so ya binne wuƙar. Mutumin da hannunsa ya san ƙotar nan shekara da shekaru ba da ido zai duba ba. Yanzu kai yaro ne mai rawar kai, kuma ana aurar wa masu rawar kai 'ya'ya kullum. Ranar da ya gane jabu ka zama maƙaryacin da ya kwaikwayi rubutun matarsa da ta rasu, wannan kuwa ko Fasto ba zai iya shiga ba. Ta gwanjo ma haka.

Legas kuma kada ka je. Da na gama karanta wasiƙarka na nemi lambar na kira da kaina, na sha piyanon nan har na iya shi. Na samu Ayodele. Ta tuna ka sarai, ta ce kai ne mai ihu. Na ba ta labarin Mama Jemimah da allurarta, abin da kai ba ka taɓa gaya mata ba duk tsawon ihun. Ta ce wuƙaƙen da aka canja ba a zubar da su nan take, tara su ake a wani kwali a sito kafin a kwashe. Ba ta yi mini alkawari ba, ni ma ba zan yi maka ba, mai yiwuwa an riga an kwashe. Amma ta ce za ta duba da hannunta in an gaya mata me za ta nema. Don haka yau ɗin nan ka rubuta mata, ka fara da ban haƙuri a kan kalmar ɓarayi. Ka kwatanta ƙotar da harafin da sirantar ruwan, in Clara na da hoton Baba riƙe da ita ka haɗa. Ka ce a shirye kake ka mayar da sabuwar, saboda haka kada ka fere ko lemo da ita. In tsohuwar ta dawo, ka miƙa wa mai ita yadda take, da karyayyen sifirinta, shi ya zaɓi maƙerinsa.

Zancen wai Baba ba ya son ka, ban gan shi ba. Wanda ba ya son ka ba zai ɗauki abin da ya fi ƙauna ya damƙa maka ba, kuma ba zai ɓata lokacinsa yana raɗa maka suna ba. Tsoro ya ji. 'Yarsa zai ba ka, ga shi ya gwada ka da ƙaramin abu ka nuna masa ba ka bambance abin da ake canjawa da wanda ake riƙewa ba. Barkwancin ciwon gwiwar nan tambaya ce ta gaske, dattawa suka yi dariya, kai ya kamata ka amsa.

Kada ka jira Legas. Ka je wurinsa kai kaɗai, ba kaftani ba maltina, ka same shi a lambu ka durƙusa. Kalmar garanti kada ta fito daga bakinka. Ka ce ya ba ka amana ka yi sakaci, kana nema, kuma ba ka san ko za a samu ba. Ka zauna kusa da shi, ka riƙe masa leda in yana ɗaurin reshe. In ka ga fuskarsa ta sassauta, ka tambaye shi yadda aka yi Mama ta ba shi wuƙar, sannan ka rufe bakinka ka saurara. Ina jin tun da ta rasu babu wanda ya tambaye shi.

Allah ya sa a dace, ya sanyaya zuciyar Baba, ya ba ku zaman lafiya kai da Clara. Ka gaishe ta, ka ce na ce ta yi haƙuri da kai, za ka yi hankali.

Taku,
Anti Diana