Mengia ta Shiga Gaba

Asabar, 14 ga Yuni

Ƙanƙara ta narke a dajin kan tsauni, yau muka buɗe hawan bana ni da matata Mengia. Zagayenmu na kullum: awa ɗaya da rabi muna hawa da kekuna har bukkar makiyaya, daga nan 'yar siririyar hanya ta gangaro ta cikin itatuwa ta sauke mu bayan coci. Tun da muka fara, ni ne a gaba, ita a baya. Iskar can sama ba ta cika ƙirji, amma ƙafafuna lafiya lau.

A gangarar saiwoyi na faɗi. Ƙurjewa ce kawai a gwiwa. Na ce mata iskar tayar gaba ce ta ragu. Ta matsa tayar da babban yatsa, ta dube ni.

Talata, 17 ga Yuni

Ban ga saiwar ba, gaskiyar ke nan. Inda rana ta ratso ganye ta yi dabbare-dabbare a ƙasa, tsakiyar abin da nake kallo sai ya koma kamar an shafa toka. Tun Maris na lura. In na rufe idon hagu, ƙofar kicin a karkace nake ganinta.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na je birnin Chur wurin likitar ido. Na ce wa Mengia birki zan sayo, sai da na sayo birkin kuwa don ƙaryar ta zauna. Likitar ta ce tsakiyar idon dama ke lalacewa, na hagu ma ya soma. Allura a cikin ido duk wata. Za ta rage wa abin gudu, amma wanda ya tafi ya tafi. Na tambaye ta batun keke. Ta ce a shimfiɗaɗɗen titi, a hankali. Na ce ba titi nake nufi ba.

"Na san abin da kake nufi," in ji ta, ta ci gaba da rubutunta.

Asabar, 5 ga Yuli

Na yi wauta. Mengia na kasuwa na ɗauki keke na tafi ni kaɗai, wai in nuna wa kaina ba komai. Har bukkar lafiya. A gadar katako ta kan rafi, wadda na haye sau ɗari, tayar ta bi gefe. Ni a kan duwatsu, keke a ruwa. Na daɗe zaune, kafaɗa na zogi, shanu na kallona suna kaɗa ƙararrawar wuyansu. Da hannu ɗaya na turo shi gida.

Na same ta a lambu. Ta dubi jiƙaƙƙen wandona.

"Kai kaɗai ka je?"

Na fara zancen santsin katako, ta katse ni. "Curdin, tun Afrilu kake zuba shayi rabi a kofi rabi a tebur. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Na faɗa mata duka, har birkin. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Da ka karye a can wa zai zo ya gaya mini? Shanun?"

Lahadi, 6 ga Yuli

Miyar sha'ir. Ita ta yanka mini burodi.

Jumma'a, 18 ga Yuli

Allurar farko. Mengia ce ta tuƙa mota. Ba zan rubuta yadda abin yake ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Na rataye kekena a gareji. Nata ma yana jingine, ƙura ta hau sirdin. Na ce ta bi ƙawayenta mana, suna hawa duk Laraba. Ta ce ba ta sha'awa. Ƙarya take yi. Kullum da safe sai ta tsaya a taga da kofinta tana duban dajin. Idona ne ya lalace, amma mu biyu muka zauna. Wannan ya fi allurar ciwo.

Laraba, 20 ga Agusta

Ta dawo da wata riga ruwan lemo mai kashe ido, irin ta masu gyaran titi. Ta sa, ta koma ƙarshen lambu, ta ce ina ganinta? Ko daga Italiya maƙwabciyarmu a hango ta.

"To ni zan shiga gaba. Ka bi rigar, in riƙa faɗa maka hanya."

Na ce ai ba ta san inda ake ɗora taya ba.

"Shekara ashirin da shida ina kallon bayanka, malam. Na san inda kake bi, na san inda ya kamata ka bi."

Ban ce to ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun je. A bakin gangara na taka ƙasa, na riƙe birki. Ta shige gaba ba ta waiwayo ba. "Saiwa a hagu. Dutse. Saki birki, saki. Kwana na zuwa, ka kwanto." Muryarta ba sauri ba tsoro, kamar mai karanta abin da za a sayo a kasuwa. Na daina neman ƙasa da ido, na bi lemon nan cikin duhun itatuwa. A gadar ta sauka ta ce nan turawa za mu yi. Na tura. Ban yi musu ba, kuma ba wanda ya mutu.

Abin da ya tsaya mini shi ne, ban taɓa ganin Mengia a kan keke ba sai yau. Tana miƙewa a kan feda, ta saki jiki, ta wuce saiwoyi kamar ba ta taɓa su. Sau biyu ta manta da ni ta ɓace, sai na tarar da ita tana jira tana dariya. A bayan coci na tambaye ta tun yaushe ta iya gudu haka.

"Da daɗewa," ta ce tana kwance hular kwano. "Kai ne ka tare hanya."

Lahadi, 7 ga Satumba

Cinyoyina ciwo. Na gaya mata gwaji ne muka yi jiya, ban ce tsarin ya zauna ba. Ta ce ta ji.

Da rana na shiga gareji shafa wa sarƙa mai. Sabon birkin nan na Chur yana cikin kwalinsa, na ɗaura mata shi a kekenta. Wanda ke gaba ya fi bukatarsa, shi ke nan dalilin.