Kwalekwale Mai Kujera Biyu

Zuwa ga Mutiso, Baban Mwende, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take,

Ga ka a ɗaki, ga ni a kicin, amma sai dai takarda, don in na dubi idonka bakina ba zai buɗu ba. Jiya Lahadi ban je coci ba. Ƙarya na yi maka.

Lambun shaƙatawar nan na tsakiyar Nairobi na tafi, inda ka fara kai ni muna saurayi da budurwa, ka saya mini gasasshiyar masara da barkono da lemon tsami, ka ce in na ƙi ka tafkin lambun za ka faɗa, tafkin da ko ƙugunka bai kai ba. Tun da hatsarin babur ya raba ka da ƙafarka ka ƙi leƙa ko ƙofar gida, shi ne na ce bari in gano ko kekenka na guragu zai bi. Zai bi, masoyina. Sun shimfiɗa hanya har bakin ruwa, bayan gida ma gangara aka yi masa maimakon matakala.

Da a nan na tsaya, da ban rubuto ba. Mai hayar kwalekwalen da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke ya ce, "Mama, ke kaɗai? Ina maigidan?" Na ce yana gida. Na shiga. Wayyo Mutiso, na ji daɗi! Iska tana kaɗa ni, furannin bishiyar jakaranda suna zuba a ruwa, ina ta dariya kamar yarinya. Ban tuna maganinka ba, ban tuna ruwan wankanka ba, kai kanka ban tuna ka ba. Wace irin mace ce ke shan iska mijinta yana kwance yana kallon rufin ɗaki? Da na dawo ka ce, "Me fasto ya ce?" na ce a kan haƙuri ya yi wa'azi.

Amma ka ji, zumar raina: kwalekwalen nan kujera biyu gare shi. Da ni kaɗai sai ya karkace, ga shi ban iya juya shi ba, har na yi karo da gaɓa yara suna yi mini dariya. Mai hayar ya ce tuƙi na ƙafa ne, juyawa kuwa da hannu ake yi.

Hannuwanka lafiyarsu ƙalau, Baban Mwende. Yi fushi da ni, ni na jawo, yi har Asabar. Ranar Lahadi ka sa shuɗiyar rigarka. Ni zan taka, kai ka juya mu.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Nduku