Baba da Baturen Rediyo

Daren Talata, Mabai

Yau ma Baba ya wuni yana zancen Baturen Amurkan nan da aka ba da tarihinshi a rediyo. Wai tun kafin a haifi kakanmu ya fara daga majalisar jiharsu, ya yi gwamna, har ya kai majalisar ƙasa. Don haka shi ma Baba zai saida ɗaya cikin shanun huɗarmu ya nemi kansila.

Na ce, "Baba, damina ta kawo kai, kuma sa ɗaya ba ya jan garma."

Ya ce, "Kai ka san siyasa?"

Tare muka ji shirin, mutumin lauya ne, ko akuya bai saida ba. Yanzu ni zan ja san zuwa kasuwar Ƙanƙara, ni kuma zan duƙa da garmar hannu.